Blaise Pascal: Masanin lissafin da ya bambanta imani da hasashe

An haifi Blaise Pascal a garin Clermont na ƙasar Faransa ranar 19 ga Yunin 1623. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku, mahaifinsa Étienne ya karantar da shi a gida. Bai cika shekara ashirin ba ya fara ƙera na'urar lissafi don sauƙaƙa wa mahaifin aikin haraji a birnin Rouen.

A 1654 ya yi musayar wasiƙu da Pierre de Fermat kan wata matsalar 'yan caca: idan wasa ya katse kafin ƙarshe, yaya za a raba kuɗin da aka zuba? Amsarsu ita ce a ba kowa gwargwadon damar cin da yake da ita lokacin da aka tsaya. Daga nan ilimin lissafin yiwuwa ya samo tushe, wanda kamfanonin inshora ke cin moriyarsa har gobe.

A daren 23 ga Nuwamban shekarar, ya shiga wani hali na kusan sa'o'i biyu wanda ya ɗauka haɗuwa ce da Ubangiji. Daga nan ya karkata ga addini da jama'ar Port-Royal, inda ƙanwarsa Jacqueline ta riga ta keɓe kanta don ibada.

Pascal bai yarda da tunanin zuci ba ko kaɗan. Ya buga misali da babban masani da aka ɗora kan faffaɗan katako bisa rami mai zurfi: hankalinsa ya tabbatar masa ba zai faɗi ba, amma abin da zuciyarsa ke zana masa sai ya rinjaye shi. Hankalin ma, a ganinsa, ba ya iya yanke hukunci kan samuwar Allah. Sai ya juya lissafin caca kan mai shakka: rayuwa ce gajera a gefe guda, ni'ima marar iyaka a ɗaya gefen, kuma babu damar ƙin zaɓa. Masu suka sun ce wannan ciniki ne, ba ibada ba, kuma lissafin bai nuna addinin da za a bi ba. Sukar na da nauyi. Sai dai shi kansa bai ce lissafin na haifar da imani ba. Ya shawarci wanda hujjar ta gamsar ya fara aikin ibada tukuna, domin imani kyauta ce da Allah ke sanyawa a zuciya.

Ya rasu a Paris ranar 19 ga Agustan 1662 yana da shekara 39, bai kammala littafin ba. An tattara guntayen rubutunsa aka buga a 1670 da sunan Pensées. Bayan rasuwarsa wani bara ya gano takardar da ya rubuta labarin daren nan a ɗinke cikin rigarsa.