John Lennon da Faifan da Ya Ba Shi Kunya

A wannan fitowa na zaɓi in kawo tarihin wani mawaƙi Bature wanda da yawanmu muka fara jin muryarsa a rediyon ɗakin kwana muna ɗalibai a Wudil, watau John Lennon.

An haife shi a birnin Liverpool na ƙasar Ingila ranar 9 ga Oktoba, 1940. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, sai yayar mahaifiyarsa ta riƙe shi. A makarantar sakandare ba ya cikin masu ƙoƙari, amma a can ne ya haɗa abokansa suka fara kiɗa a 1956. Shekara guda bayan haka ya gamu da Paul McCartney, kuma daga wannan abota ƙungiyar Beatles ta samo asali. Sunansu ya game duniya, har Sarauniyar Ingila ta ba su lambar girma ta MBE a 1965.

Abin da ya haɗa shi da ƙasarmu ya faru a Nuwamba 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya mayar wa Sarauniya lambarta, kuma cikin dalilan da ya bayar har da hannun da Birtaniya ta sa a yaƙin Biyafara. Mu da muke da yayye a bakin daga, ba kowa ne ya ji daɗin wannan labari ba.

Bayan Beatles ta watse a 1970, sai ya kama gashin kansa. Faifansa Imagine na 1971 ya zo na ɗaya a Amurka da Ingila, jama'a suka ɗauka duk abin da ya taɓa zai yi albarka. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A shekarar ne ya koma New York da matarsa Yoko Ono, ya faɗa cikin 'yan gwagwarmayar adawa da gwamnatin Nixon. A Yuni 1972 suka fitar da Some Time in New York City, faifai biyu cikin kwali ɗaya, an zana bangonsa kamar shafin farko na jarida.

To, waƙoƙin ma jaridar ce. Akwai ta boren gidan yarin Attica, akwai ta kisan da sojojin Birtaniya suka yi a Ailan ta Arewa a Janairu 1972, akwai ta neman a saki John Sinclair, da ta Angela Davis. Sai dai kafin faifan ya shiga kasuwa, an saki Sinclair tun Disamba 1971, ita kuma Angela kotu ta wanke ta kwanaki kaɗan kafin fitowarsa. Ga wata waƙa da ya sa wa suna da kalmar zagin baƙar fata, yawancin gidajen rediyo suka ƙi sa ta. Masu sharhi suka yi masa ca, faifan ya tsaya a na 48 a Amurka. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

A ganina, gaskiyar abin da yake kare wa ba ita ce ta kayar da shi ba. Gaggawa ce, da rashin mai gyara masa. A Beatles yana da McCartney, wanda zai iya ce masa wannan baiti bai nuna ba. A New York kuwa, masu tafi ne suka kewaye shi. Mu ma mun san haka a gida: waƙar siyasa takan mutu da zaɓenta, amma wadda ta taɓa zuciya jikoki ma rera ta suke yi.

Tsadar ba ta tsaya a kasuwa ba, domin gwamnatin Nixon ta yi ta ƙoƙarin korarsa daga Amurka, sai 1976 ya sami takardar zama. Duk da haka bai karaya ba. Faifansa Walls and Bridges na 1974 ya sake zuwa na ɗaya a Amurka. Da aka haifa masa ɗa a 1975, ya ajiye kiɗa shekara biyar yana reno. Ya dawo da Double Fantasy a Nuwamba 1980, sai ga shi ranar 8 ga Disamba wani mutum ya harbe shi a ƙofar gidansa, yana da shekara 40.

Ƙannenmu da ke riƙe da muƙamai yanzu, kowa ya nemi mai faɗa masa gaskiya, kamar yadda malamanmu suka riƙa yi mana da jan biro.