Dennis Ritchie: Ya Gina Unix, Amma Kamfani Ne Ya Mallake Ta

An haifi Dennis Ritchie ranar 9 ga Satumba, 1941, a jihar New York ta Amurka. Bayan karatunsa a Jami'ar Harvard, ya kama aiki a 1967 a Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin tarho na AT&T, inda mahaifinsa ma ya yi aiki. A can ne shi da Ken Thompson suka soma gina Unix a 1969, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Daga baya ya ƙirƙiro harshen C, aka sake rubuta ta da shi a 1973.

Da yake ma'aikaci ne, abin da ya gina dukiyar kamfani ce. Sai dai wata yarjejeniya da gwamnati ta 1956 ta hana AT&T shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba, don haka jami'o'i suka riƙa samun Unix a kan kuɗi kaɗan, har da asalin rubutunta. Ɗalibai suka yi ta gyara, musamman a Berkeley, inda reshen BSD ya fito.

Da kamfanin ya fahimci darajarta, sai ya ƙara tsauri. Lasisin 1979 ya hana koyar da rubutun a aji, bayan an raba AT&T a 1984 kuma ya shiga sayar da ita gadan-gadan. A 1992 rigimar BSD ta kai kotu, ba a sasanta ba sai 1994.

Wannan ƙuntatawa na cikin abin da ya buɗe hanya ga GNU, wadda Richard Stallman ya sanar a 1983, da Linux ta Linus Torvalds a 1991. Dukansu sun bi tsarin Unix, amma daga tushe aka rubuta su. Lasisinsu na GPL bai hana ciniki ba, saɓanin zaton mutane da yawa. Ɗan kasuwa na iya ɗora manhajar a kwamfutocin ofishinsa, ya gyara ta, har ya sayar. Sharaɗin yana hawa kansa ne idan ya miƙa ta ga wani: dole ya ba shi damar samun asalin rubutun, har da gyaran da ya yi, bisa wannan lasisin. Na BSD ya fi sassauci, domin ana iya rufe gyaran, kamar yadda Apple ya yi da wasu sassa na macOS.

Ritchie bai kafa kamfani ba. Ya karɓi lambar Turing tare da Thompson a 1983, ya zauna a Bell Labs har ya yi ritaya a 2007. An tarar da gawarsa a gidansa da ke New Jersey ranar 12 ga Oktoba, 2011, mako guda bayan mutuwar Steve Jobs, lokacin da hankalin duniya ke wani wuri. Masu haɗa Fedora da FreeBSD, manhajojin da kowa ke sauke wa kyauta, sun sadaukar masa da fitowarsu ta gaba.