Shehu Ibn Khaldun, Mai Muƙaddima

Bismillahi. An haifi Shehu Abdurrahman ibn Khaldun a Tunis shekara ta 732 daga Hijira, watau 1332. Annoba ta ɗauke mahaifansa yana saurayi. Ya yi wa sarakunan Fas hidima, kana ya keɓe ya wallafa Muƙaddima cikin 1377. A ciki ya bayyana cewa ilmi sannu-sannu yake shiga zuciya: a bi fanni sau uku, farko a taƙaice, sa'an nan da sharhi, daga bisani a warware mushkiloli. Ya yi hani ga tsananta wa almajiri, domin tsoron bulala yakan gadar da ƙarya da kasala. Ya karantar a Azhar, ya yi alƙalancin Malikiyya, ya rasu a Alƙahira cikin 1406. Allah ya jiƙansa, amin.