Tarihin John Browning, Maƙerin da Ya Ƙi Karyar da Aikinsa

An haifi John Moses Browning ranar 23 ga Janairu, 1855, a garin Ogden da ke jihar Utah ta Amurka. Mahaifinsa, Jonathan, maƙerin bindigogi ne, kuma tun John yana yaro ya taso a maƙerarsa. Bai yi nisa a karatun boko ba, amma ya iya lura da yadda abubuwa ke aiki. A 1879 ya sami takardar mallakar fasaha ta farko a kan wata bindiga da ya ƙera. Daga baya kamfanin Winchester ya saye ta, suka yi kusan shekara 20 suna hulɗa: shi ya ƙirƙiro, su biya shi sau ɗaya, fasahar ta zama tasu.

A 1898 ya ƙirƙiro bindigar farauta mai yi wa kanta ɗuri, wadda aka sa wa suna Auto-5 saboda tana ɗaukar harsashi biyar. Idan aka harba ta, ƙarfin harbin ne ke tura bututunta baya, ta tofar da kwanson da aka harba, ta ɗora sabo. Aikin maharbi kawai ya sake jan kunama.

Browning ya san darajar abin da ya ƙirƙiro, don haka ya ce wannan karon sai dai a riƙa ba shi kaso a kan kowace bindiga da aka sayar. Winchester suka ƙi. Ya nufi kamfanin Remington, amma yana jiran ganin shugabansa, Marcellus Hartley, sai mutumin ya rasu kwatsam a Janairun 1902. Duk da haka bai koma ya karyar da kayansa ba. Ya hau jirgin ruwa zuwa Beljiyam, inda kamfanin FN da ke Herstal, kusa da birnin Liège, ya amince da sharaɗinsa.

Yankin Liège ya daɗe da shahara wajen yi wa bindigogi ado. Masu zane a kan ƙarfe, irin su Félix Funken, sun riƙa sassaƙa furanni, agwagi da karnukan farauta a jikin Auto-5 da ɗan kurfi da guduma, wasu har da zinariya. Shi ya sa masu tara tsofaffin bindigogi suka fi neman ƙirar Beljiyam, kuma ana gane Auto-5 daga nesa saboda doron da ke bayanta. An ci gaba da ƙera ta har 1998, kuma har yau akwai masu farauta da waɗanda suka gada daga kakanninsu.

Sai dai ba duk ƙirƙirarsa ce ta tsaya ga farauta ba. Da ƙaramar bindigar da ya tsara aka kashe Yarima Franz Ferdinand a Sarajevo a 1914, kisan da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Manyan bindigoginsa kuma sun yi aiki a yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Browning ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 1926, yana tsakiyar aiki a masana'antar FN, yana da shekara 71.

'Yan'uwa ɗalibai, mu koyi naci da sanin darajar guminmu daga rayuwarsa. Mu kuma tuna cewa abin da muka ƙera yakan faɗa hannun da ba mu zaɓa ba.