Oleg Losev da Ɗan Ƙaramin Haske

Yara, ku dubi tocilar da kuke haskawa da dare. Ƙananan ƙwayayen nan nata, waɗanda ba su yin zafi kamar fitilar kananzir, sunansu LED. Ga labarin wanda ya share musu hanya.

An haifi Oleg Losev a garin Tver, ƙasar Rasha, cikin 1903. Tun yana saurayi ba abin da yake so kamar harhaɗa rediyo. Bai yi jami'a ba, sai ya kama aiki a wani gidan binciken rediyo.

A wancan zamani akan haɗa rediyo da ɗan dutse da siririyar waya. Da ya sa wa wani irin dutse wutar batir, sai ya ga ɗan haske kore-kore daidai inda wayar ta taɓa. Wani mutumin Ingila ya riga shi ganin haka cikin 1907, amma bai bi sawu ba. Shi kuwa Losev ya dage. Ya ɗiga wani ruwan sinadari bisa dutsen, ya auna saurin ƙafewarsa, ya gane ashe hasken ba na zafi ba ne. Ya kuma ga yana kamawa yana mutuwa cikin ƙiftawar ido. Cikin 1927 ya buga bayaninsa.

Daga baya ya koma Leningrad. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka kewaye birnin, yunwa ta kashe shi cikin 1942, yana da shekara 38. Sai 1962 aka ƙera LED mai jan haske a Amurka.

To, in kun ga abin mamaki, komai ƙanƙantarsa, ku tsaya ku bincika.