Louisa May Alcott: Marubuciyar da Ta Ciyar da Gidansu da Alƙalami

An haifi Louisa May Alcott ranar 29 ga watan Nuwamba, 1832, a garin Germantown da ke jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Ita ce ta biyu a cikin 'ya'ya mata huɗu na Amos Bronson Alcott da matarsa Abigail. Mahaifin nata malamin makaranta ne mai zurfin tunani, abokin mashahuran masana irin su Ralph Waldo Emerson, amma bai iya neman abin sawa a bakin salati ba. Makarantar da ya buɗe a Boston ta durƙushe, musamman bayan da ya karɓi yarinya baƙar fata, iyaye suka kwashe 'ya'yansu. A shekarar 1843 kuma ya kai iyalinsa wata gona mai suna Fruitlands, inda aka haramta cin nama da sa dabbobi aikin noma. Watanni bakwai kacal aka yi, yunwa da sanyi suka watsa taron. A lokacin Louisa tana da shekara goma sha ɗaya, kuma ta ga da idonta cewa wahalar ta faɗa ne a kan mahaifiyarta.

Tun daga nan neman kuɗi ya zama ginshiƙin rayuwarta. Ta yi koyarwa, ta yi ɗinki, har aikatau ta yi a gidan mutane. Littafinta na farko, Flower Fables, ya fito a 1854. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, sai ta tafi wani asibitin sojoji a Georgetown a ƙarshen 1862 don jinyar waɗanda suka ji rauni. Bayan mako shida zazzaɓin taifot ya kwantar da ita, aka yi mata magani da wani haɗi mai ɗauke da sinadarin zaiba, kuma ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba. Wasiƙun da ta aika gida daga asibitin su ne suka zama Hospital Sketches a 1863. A ɓoye kuwa tana rubuta wa mujallu labaran kishi da ramuwar gayya da kisan kai da sunan aro, A. M. Barnard, domin su ne ke kawo kuɗi nan take. Wannan sirri bai tonu ba sai a 1943, bayan da Leona Rostenberg ta gano shi a cikin tsofaffin wasiƙu.

Littafin da ya ɗaukaka sunanta ba da son ranta ta rubuta shi ba. Thomas Niles na kamfanin ɗab'i na Roberts Brothers ne ya matsa mata ta rubuta labari domin 'yan mata, ita kuwa ba ta ga abin sha'awa a ciki ba. Da ta amince, sai ta ɗauko rayuwar gidansu ta mayar da ita ta iyalin March, ta kammala cikin kimanin mako goma. Little Women ya fito a 1868, kashi na biyu ya biyo baya a 1869. Jo, mai zafin rai da son rubutu, ita ce Louisa. Beth kuwa ƙanwarta ce Elizabeth, wadda ta rasu a 1858. Abin lura shi ne yadda ta tura uban gidan fagen yaƙi, ta bar mata su kaɗai da talaucinsu. Ƙarfin littafin yana cikin yadda 'yan matan ke faɗa da hassada da nadama kamar kowane ɗan Adam, a zamanin da littattafan yara suka cika da wa'azi. Masu karatu sun yi ta roƙon a aurar da Jo ga Laurie, saurayin maƙwabta mai dukiya. Ta ƙi, ta haɗa ta da wani farfesa Bajamushe, talaka, wanda ya girme ta.

Da yake ta zaɓi a riƙa ba ta kaso daga cinikin littafin maimakon biya sau ɗaya, ta samu damar biyan basussukan gidansu. Sai dai nasarar ta ɗaure ta. Jama'a ba sa son komai daga gare ta sai labaran matasa, ita ma ba ta iya juya wa kuɗin baya ba, saboda bakunan da take ciyarwa sun ƙaru. Ta fitar da Little Men a 1871, sannan Jo's Boys a 1886, wanda ta rubuta da ƙyar cikin ciwo. Ba ta taɓa aure ba. Da ƙanwarta May ta rasu a Faransa a 1879, ita ta ɗauki renon jaririyar da ta bari. A shekarar nan ce kuma ta zama mace ta farko da ta yi rajistar zaɓe a garin Concord.

Ta rasu a Boston ranar 6 ga watan Maris, 1888, kwana biyu bayan rasuwar mahaifinta, tana da shekara 55. An binne ta a maƙabartar Sleepy Hollow da ke Concord, kusa da iyayenta da Elizabeth.