Léon Charles Thévenin (1857–1926) da Ƙa'idar Turjiyar Tushe

An haifi Léon Charles Thévenin ranar 30 ga Maris, 1857, a garin Meaux da ke gabas da birnin Faris. Bayan ya yi karatu a École Polytechnique, ya shiga rukunin injiniyoyin tangarahu na Faransa a 1878, inda ya fara da aikin layukan da ake binnewa a ƙarƙashin ƙasa. A 1882 aka ba shi koyarwa a babbar makarantar tangarahu, kuma a can ya duƙufa kan matsalar awo a da'irar lantarki.

A 1883 ya wallafa ƙa'idarsa a mujallar Cibiyar Kimiyya ta Faransa. Ya nuna cewa duk yawan batura da turjiya a cikin da'ira, idan aka dube ta daga bakin wayoyi biyu, ana iya maye gurbinta da tushen lantarki guda ɗaya da turjiya guda ɗaya a jere da shi. Wannan turjiya ita ake kira turjiyar tushe. Misali, tushe mai bolt 1 da turjiyar om 600 rabin bolt kawai zai isar ga amfilifaya mai turjiyar shiga om 600, amma zai isar da bolt 0.9 ga mai om 5,400. Shi ya sa masu ƙera amfilifaya kan ɗaga turjiyar shiga nesa da ta tushe, don kada sigina ta salwanta a hanya.

Ƙa'idar ba ta karɓu nan take ba. Abokin aikinsa Aimé Vaschy ma da farko ya yi shakkar ingancinta. Daga baya kuma aka gano cewa Bajamushe Hermann von Helmholtz ya riga shi bayyana ta tun 1853, ba tare da sanin Thévenin ba. Duk da haka sunansa ne ya bi ta, kuma aka faɗaɗa ta zuwa lantarki mai kai-da-komo.

Ya zama shugaban makarantar a 1896, sannan shugaban ma'aikatun ƙere-ƙere na tangarahu a 1901. Ya rasu a Faris ranar 21 ga Satumba, 1926, shekarar da Edward Norton a Amurka da Hans Mayer a Jamus suka fito da tagwaiyar ƙa'idarsa, kowa a gefensa.